Alƙaluma Sun Ce An Cuce Ni, Zan Ajiye Aiki

Anti, ki agaza mini da shawara kafin Litinin, domin takardar ajiye aiki tana aljihuna.

Ni ne na zo na ɗaya a ajinmu a fannin ƙididdiga, kuma ba alfahari nake yi ba, haƙiƙa ce. Yau wata goma ina wani kamfanin inshora. An ajiye ni bayan ƙofa, kusa da injin kwafi, ina shigar da shekarun tsofaffin motoci cikin kwamfuta, aikin da ko ɗan firamare zai raina. Shugabana, wanda da yatsa ɗaya yake danna madannai, ya ce babu ƙarin girma sai na ci jarrabawar ƙwarewa har bakwai, wai kamfani zai biya kuɗin. Ni za a sake jarrabawa?

Da yake ba na magana ba hujja, na tura tambaya a zauren 'yan ajinmu, mu sittin, kowa ya faɗi albashinsa. Tara suka amsa. Matsakaicin abin da suke ɗauka ya ninka nawa sau uku, har da wanda ni na koya masa lissafi. Wannan ƙasƙanci ya ishe ni. Mahaifiyata ta ce kada in zubar da ruwan tulu don na ga hadari, amma ita ba ta san alƙaluma ba.

Haziƙin da Aka Wulaƙanta

Ƙanena Haziƙi,

Takaicinka yana da tushe. Albashin masu farawa a fanninku ba ya kai wahalar karatun, kuma zama kusa da injin kwafi ba daɗi. Amma jarrabawar da kake yi wa kallon raini ita ce tsanin aikin, ga shi wani zai biya maka. Ka nemi shugabanka ya rubuta maka ƙarin da ke biyo bayan kowace ɗaya. Idan ka ci biyu bai cika alkawari ba, ka nemi wani wuri, takardunka a hannu, tun kana kan kujerarka.

Sai batun hujjarka. Ku sittin ne har da kai, tara suka amsa. Mai ƙoshi ne ke saurin faɗin abin da ya ci. Wanda ke yawo da takardu ofis-ofis shiru zai yi. Mahaifiyarka ba ta shiga ajinku ba, amma ta riga ka gano wannan.

Bar takardar nan a aljihu. Kafin Litinin, ka kira hamsin ɗin da suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, ka sake lissafin. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.

Anti