Abincin Akawal

Batsari,
ranar Asabar.

Zuwa ga Yayata Hadijatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Malam Yusha'u da yara gaba ɗaya. Yaya ƙafar Mahfuza, ta fara takawa? Yaya kuma zaman Safana a wannan hali da ake ciki? Mu nan sai godiyar Allah. Tun da aka ɗauke sabis ɗin waya ban ji muryarki ba, shi ya sa na koma ga biro da takarda. Manu direba zai kawo maki, shi kuma za ki ba amsa.

Baba yana lafiya, sai tarin nan nashi na safe. Kin dai ji yadda suka baro Ruma bayan ɓarayin daji sun kore shanun unguwarmu. Shi da autanmu Uzairu suka iso mani da 'yan ƙullin kaya da Akawal, baƙin dokin nan na Baba, wanda Allah ya sa ranar yana ɗaure a cikin gida. Na ba Baba ɗakin da ke kusa da zaure, Uzairu yana kwana a zauren, doki kuma na kafa mashi turke a inda mai ɗakina Sa'adiyya take shanya. Sai ta maida igiyarta bayan ɗaki.

Yaya, ban san doki na cin kuɗi haka ba. A ƙauye ban taɓa ganin an sayi abincinshi ba. Dawa na rumbu, harawa na bisa itace, ciyawa na bayan gida. Nan kuwa ko ruwan da zai sha sai na saya wurin 'yan ga-ruwa. Kullum tiyar dawa. Buhun dusa ba ya ganin ƙarshen wata. Harawa ta yi tsada saboda mutane ba su isa gonakin nesa, masu yankan ciyawa ma ba su wuce bakin gari. Ga kanwa, ga maganin tsutsar ciki. Watan jiya da na haɗa sai na ga ya haura naira dubu talatin da biyar. Ni tela ne, kuma rabin masu kawo mani ɗinki yanzu 'yan gudun hijira ne, ba sabuwar riga ke gabansu ba.

Amma ba kuɗin ne ya sa ni rubutu ba. In na dawo daga shago ɗauke da dawa, Akawal ko kunne ba ya motsawa. Uzairu kuwa tun daga bakin layi in ya yi gyaran murya, dokin zai hau haniniya yana haƙar ƙasa. Sai ya karɓi dawar daga hannuna ya zuba mashi, ya kama shafa mashi wuya. Baba na zaune a inuwa yana kallonsu, fuskarshi a sake yadda ban taɓa gani ba tun rasuwar Inna, yana cewa, "Allah ya yi maka albarka, Uzairu." Ni da na sayo ina tsaye da buhu wayam a hannu. Sau da yawa sai in shige ciki in ce ma Sa'adiyya kaina ke ciwo.

Na san abin kunya ne magidanci mai 'ya'ya uku ya tsaya sauraren albarkar da ake sa ma ƙanenshi. Ke kaɗai zan iya faɗa ma wannan. Don Allah kada ki karanta ma Malam wannan wurin.

Ki gaishe shi da kyau, ki shafa mani kan yara. Sa'adiyya na gaishe ki, ga kuma daddawa ta ba Manu ya kawo maki.

Ƙanenki,
Ya'u.

*

Batsari,
ranar Laraba.

Zuwa ga Yaya Hadijatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar girma, da fatan kuna lafiya, ya aikin Malam a Islamiyya, ya yara? Takardarki ta iso, na karanta ta a shago na sake karantawa a gida. Na ji daɗi da Mahfuza ta samu sauƙi.

Kin ce in yi haƙuri, Uzairu auta ne, kuma shi ya rasa gona da shanu ya zauna ba sana'a, ni kuwa Allah ya rufa mani asiri. Gaskiya kika faɗa. Na yi ƙoƙari, Yaya, wallahi na yi. Har sassafe na riƙa tashi in share bargar da kaina. Baba ya fito ya gan ni da tsintsiya, abin da ya ce kawai shi ne in bari Uzairu ya yi, kada dokin ya harbe ni tunda bai san ni ba. A gidana, dokin da nake ciyarwa, bai san ni ba.

Ranar Juma'a wasu dattawan ƙauyen Yasore, abokan Baba, suka biyo gaishe da Baba bayan an sauko masallaci. Suka ga Akawal yana sheƙi, ya yi ƙiba fiye da yadda suka san shi. Ɗaya daga ciki ya ce ai wannan doki bai san an yi gudun hijira ba. Baba ya yi dariya ya ce, "Dokin Uzairu ke nan, shi ke wahala da shi." Ina tsaye ina zuba masu ruwa. Ban san lokacin da kofin ya cika ya zube mani a ƙafa ba.

Abin bai tsaya nan ba. Ɗiyata Mutmainna, wadda kin san da ko shago zan tafi sai ta riƙe mani riga tana kuka, yanzu in na shigo ba ta ko tasowa. Tana wurin Baffa Uzairu, ya ɗora ta bisa doki yana zagayawa da ita tsakar gida. Shekaranjiya malamarsu ta tambaye su wa suka fi so a gida, ta dawo tana ba uwarta labari da murna cewa ita Baffa ta ce, sannan Akawal.

Sai ga Armaya'u, wani mai sayen dabbobi daga Darini, ya zo shagona karɓar ɗinki. Ya ce ya ji labarin dokin, kuma duk da an rufe kasuwannin dabbobi yana da wanda zai saya a cikin Katsina, kuɗi masu kauri, waɗanda za su isa a kama ma Uzairu sana'a har a rage. Na ce ma kaina wannan shawara ce ta hankali, kuma ita ce. Sai dai ba zan ɓoye maki ba, da nake tafiya gida ba sana'ar Uzairu nake hangowa ba. Tsakar gidana nake hangowa babu turke, Baba ya juyo ya ga wanda ya rage.

Na faɗa ma Baba bayan la'asar cewa zan sayar da dokin, Uzairu na wurin. Baba ya ce, "Gidanka ne, Ya'u." Uzairu ya ce in ba shi wata biyu, zai nemi aikin lebura ya riƙa sayen dawar. Nan ne bakina ya kuɓuce. Na ce mashi wanda ko sabulun wankinshi ni ke saye ba shi zai faɗa mani wata biyu ba, kuma shafa wuyan doki ba aiki ba ne. A gaban Baba na faɗa. Uzairu ya tashi ya ɗauki bokiti ya tafi ɗebo ruwa.

Armaya'u zai zo ganin dokin ranar Asabar. Ki rubuto mani abin da kika gani, amma kada ki yi mani faɗa da yawa, Sa'adiyya ta riga ki.

Gaisuwa ga Malam da yara.

Naki,
Ya'u.

*

Batsari,
ranar Juma'a da hantsi.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni, yau gaisuwar a tsaye take. Ina fata kuna lafiya. Manu na jira na a bakin shago, motarshi ta cika.

Uzairu ya iso wurinki? Jiya bayan sallar asuba muka dawo daga masallaci muka tarar babu shi babu Akawal. Ya ɗaura sirdi ya fita. Mai shayin bakin tasha ya ce ya gan shi ya yi kudu, kuma ya ce mashi Safana za shi wurin yayarshi. Yaya, kin san hanyar nan. Motoci ma sai sun taru suke bi, balle mutum ɗaya bisa doki mai ƙiba da ake hangowa daga nesa. Na hau mashin na bi shi har inda masu tsaro suka tsaida ni suka ce in koma. Na ciro waya ina ta danna lambarshi alhali na san babu sabis.

Baba bai ci komai ba tun jiya, ruwa kawai. Yana zaune yana fuskantar turken. Bai zage ni ba, bai ɗaga mani murya ba, ni kuwa da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Da na kai mashi koko ya ce in ajiye, sannan ya tambaye ni ko yaron ya ɗauki ruwa. Yaron. Mutmainna kuma kuka take tana tambaya ta ina na kai dokinta.

Na ba Manu kuɗin mota na zuwa da dawowa don kada ya jira fasinja a Safana. Ko layi ɗaya ne ki rubuto. In bai iso ba, Malam ya taimaka ya sa a tambaya a ƙauyukan hanya. In kuwa ya iso, ki ce mashi na aika ma Armaya'u kada ya zo.

Allah ya sa mu ji alheri.

Ya'u.

*

Batsari,
ranar Talata.

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata, Hadijatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da Malam Yusha'u da yara, yaya baƙinku? Yaya gajiyar Baba, hanya ba ta tada mashi tarin ba? Allah ya saka ma Malam da alheri da ya buɗe masu gidanshi, ya kuma nema ma Uzairu aiki wurin masu buga bulo.

Ranar da Manu ya dawo da takardarki cewa Uzairu ya iso lafiya, shi da doki, a bakin tasha na karanta. Na ruga gida na faɗa ma Baba. Ya ɗaga hannu ya yi hamdala, ya ce a kawo mashi tuwo. Na zauna kusa da shi yana ci, mu biyu kaɗai, na ce a raina to yanzu za mu zauna. Da ya wanke hannu sai ya ce, "Ya'u, ka nema mani mota, Safana za ni."

Na ce mashi zan je da kaina in ba Uzairu haƙuri in dawo da su. Ya ce a'a, nauyin ya yi mani yawa, kuma Hadijatu ma tana da haƙƙin ganin ubanta. Ban sani ba ko tausayina ya ji ko hukunci ne ya yanke mani. Kin san Baba, murya ɗaya yake faɗin duka biyun.

Na kwana biyu a kan keke na ɗinka mashi sabuwar riga da wando, farar shadda, ita ce za ki gani a jikinshi. Na kai shi tasha na biya kujerar gaba shi kaɗai. Da Manu ya tada mota sai Baba ya miƙo hannu ta taga ya kama nawa ya riƙe. Yaya, na sunkuya sosai don kada hayaniyar tasha ta sa in rasa ko kalma ɗaya. Ya ce, "Ragamar dokin na rataye a zaure, yaron ya manta ta. Ka aiko da ita." Motar ta tashi.

Ga ragamar nan na ba Manu. Ga kuma buhun dawa da rabin buhun dusa da ƙullin kanwa, da kuɗin harawa a cikin ambulan. Haka zan riƙa aikowa duk ƙarshen wata in Allah ya yarda, don albashin Malam ba zai ɗauki doki ba, kuɗin bulo kuma sai a hankali. Ba sai kin faɗa ma Baba daga inda suka fito ba. Ko kuma ki faɗa mashi. A'a, ki dai faɗa mashi, Yaya, ba zan yi maki ƙaryar cewa ban damu ba. Uzairu kuma ki ce mashi maganar da na yi ban kyauta ba, zan zo in faɗa mashi da bakina in hanya ta yi sauƙi. Har yanzu in na tuna yadda Baba ke kallonshi wani abu na tokare mani ƙirji, ina roƙon Allah ya cire mani.

Gidan ya yi faɗi. Sa'adiyya ta maido igiyar shanyarta, Mutmainna ta fara kula ni kaɗan-kaɗan tun da na yi mata alkawarin kai ta Safana.

Abu ɗaya nake roƙon ki. In Baba ya ambaci sunana, ko a cikin hira ne, ki rubuto mani yadda ya faɗa. In bai ambata ba kada ki ƙirƙira don ki faranta mani, zan gane.

Jiya da Sa'adiyya ta shiga share ɗakinshi ta tarar da buzunshi na salla a shimfiɗe, da butarshi a gefe. Kin san Baba ko kwana ɗaya zai yi a wani wuri ba ya barin buzun nan. Sa'adiyya ta ce mantuwa ce ta tsufa, in haɗa da ragamar in aika. Ban aika ba. Na ce ta bar shi yadda yake, ta ja ƙofar. In ya tambaya, ki ce mashi yana nan Batsari a ɗakinshi, ba wanda ya taɓa.

Ki gaishe mani da Baba gaisuwa ta musamman, da Malam, da Uzairu, da yara. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Ya'u.