Ranar da Aka Zaɓi Sunan Ƙungiyarmu

Laraba da dare, Yuni 1957

Yau aka raɗa wa ƙungiyarmu suna, tunda an karɓe mu a gasar ƙwallo ta lardi. Malam Yohanna, wanda ya koya mana wasa tun muna buga ƙwallon tsumma, ya so a ce Tudun Wada kawai. Alhaji Sani kuwa ya kawo jajayen riguna masu hoton zaki, yana son a sa sunan kantinsa. Da aka zo ƙuri'a, na ɗaga wa Alhaji hannu, kuma hannuna ne ya ba shi rinjaye. Wallahi rigar ce ta ruɗe ni.

A bakin fili Malam ya miƙo mini usur ɗinsa. "Garba, riƙe. Daga yau kai za ka jera 'yan wasa." Ya hau kekensa ya tafi.

Na kasa cin tuwo. Da ma zagina ya yi.