Allurar Kadidiya

Bambeye, 3 ga Yuli

Yaya Kadidiya,

Assalamu alaikum. Ina aiki, ina zaman Faransa? Mu nan ruwa ya sauka, an yi shuka. A takarda na rubuta na ɗauki hoto, kin san rezon waya a garinmu ba ya cika ɗaukar murya.

Yaya, na yi ɓarna. Takardar binciken nan da kika turo mini mai sunanki a sama, daɗi ya ɗebe ni na kai ta zaure, na fassara wa Baba a gaban abokansa na masallaci cewa kin gano allurar da ke gyara zuciyar da ta gaji. Tun ranar ya ajiye ƙwayoyin da likitan Tahoua ya rubuta masa. Wai ba a haɗa hannun masu magani biyu a jiki ɗaya, sai na farko ya fita sarai na biyu ke kamawa. "Ɗiyata na tahe da nata," in ji shi, "mi zan yi da na baƙi?" Yau kwana tara. Ƙafafunsa sun kumbura, takalmi ya daina shiga. Yaushe za ki aiko?

Ki huta lafiya ake cewa, amma ni ban huta ba.

Ƙanenki,
Faruk

Lyon, 4 ga Yuli

Faruk,

Wa'alaikumus salam. Da kana kusa da na ja maka kunne, malamin lakwal guda da kai, mai koyar da 'ya'yan mutane boko! Wa ya aike ka fassara?

Buɗe kunnenka. Ƙwayoyin halittar jikin mutum suna sakin wasu 'yan mitsi-mitsin ƙulli a cikin jini, kamar ƙullin goron da ake aikawa gida gida, kowane da saƙonsa. Mu muna tace waɗanda lafiyayyun ƙwayoyi suka saki, mu yi wa ɓera mai ciwon zuciya allura da su, mu ga ko tsokar za ta farfaɗo. Ɓera, Faruk. Wasu sun ji sauƙi, wasu sun mutu, kuma ba mu gama sanin dalili ba. Kafin a yarda a yi wa mutum, shekara goma ma kaɗan ce. Ko na sato na kawo, ba zan soka wa Baba ba.

Ka karanta masa wannan kalma kalma, ya koma kan ƙwayoyinsa yau. Shekara bakwai ina kan zuciya, ga ta mahaifina na kasa yi mata komai.

Ka gaishe shi, ka gaishe da Inna Rakia.

Yayarka

Bambeye, 11 ga Yuli

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na karanta masa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce tun kina ƙarama haka kike, ko kin zo ta ɗaya sai ki ce ba ki iya ba. Wai kawaici ne. Ranar da rezo ya kama kin kira ya ji muryarki, ke ma kin ji amsar da ya ba ki. Limam ya yi magana, Inna ta yi kuka, na kawo mota zuwa Tahoua ya ƙi shiga. Yanzu a zaune yake barci.

Dabara ɗaya ta rage mini. Ki rubuta sunansa a ambulan da hannunki, ki ba Rissa, abokina direban nan na Tébaram da ya je Lyon ganin ɗansa, zai taso jibi. In ta iso in zuba ƙwayoyin likita a ciki, in ce naki ne. Na san ƙarya ce. Ki gaya mini wata hanyar in kina da ita.

Faruk

Lyon, 12 ga Yuli

Faruk,

Ba ni da wata. Ban taɓa yi wa Baba ƙarya ba, yau na yi, Allah Ya yafe mini. Ambulan tana hannun Rissa. Ɗaya da safe, ɗaya da yamma, a rage gishiri a miya. Na nemi izinin tahowa, sun ce sai ƙarshen wata. Ka riƙe mini shi zuwa lokacin.

Kadidiya

Bambeye, 24 ga Yuli

Yaya,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya rasu jiya da hantsi, an kai shi bayan azahar.

Da Inna ta naɗe tabarmarsa, sai ga ƙwayoyin duka a cikin ambulan ɗinki, ko ɗaya bai sha ba. Kullum yakan ciro ɗaya ya ce in je in kawo ruwa, ashe mayarwa yake yi. Ashe ya gaya mata tun ranar farko: "Yaran ga na so su lallashe ni. Na Kadidiya allura ne, Faruku ya hwaɗi da bakinai. Ina jira."

Ambulan ɗin ce a aljihunsa kullum, saboda rubutun hannunki, sai shekaranjiya ya mai da ita ƙarƙashin tabarma. Na ajiye miki.

Sai kin zo.

Faruk