Kuɗin Tsinkar Lemu, Bashin Banki Da Dangin Mijina

Anti Salanieta, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure.

Shekara biyu ke nan da rasuwar surukata. Kin san makokinmu: saniya, tabarmi, yagona, wato saiwar nan da ake jiƙawa a sha a taro, da ciyar da ƙauye guda. Da yake ni ce mai albashi, ina koyarwa a firamare a nan Labasa, da sunana aka karɓi bashin banki na shekara biyar. Tun lokacin ake yankar albashina, ko takalmin yara sai na yi dogon tunani.

Yanzu mijina Sakiusa ya dawo daga tsinkar lemu a Ostareliya, baya a ƙage, hannu duk kanta, amma ya zo da abin da zai kashe bashin nan har a sami ɗan canji. To kafin ya sauke jaka labari ya zaga. Kawunsa, wan marigayiyar, ya zo da ƙullin yagona yana kerekere, roƙon nan na al'ada tsakanin dangi, wai injin kwalekwalensa ya mutu. Kuma kin sani, wanda ya zauna a tabarmarka ya yi kerekere ba a ce masa babu alhali akwai. Shi kuwa maigidan, bakinsa bai iya a'a ba. Na tambaye shi ko ya sha hawa tsani ne don ya zama bankin ƙauye, sai dariya ya yi.

Na je banki, yarinyar da ke kanta ta ce in na biya kafin lokaci akwai tara. Tara don na biya bashi! Bara ma na riƙa ƙara 'yan daloli a kan abin da ake cira, ban ga ruwan ya ragu ba. Tsoro nake ji kuɗin nan su watse a hannun dangi, ni in ƙara shekara uku ina biya.

Malama mai ƙaramin albashi, Labasa

*

'Yata, kwantar da hankalinki, tarar nan ba dodo ba ce. Koma bankin da takardar yarjejeniyarki, ki nemi jami'in bashi, ba 'yar kanta ba. Ya rubuta miki abu biyu: jimillar da za ta rufe bashin a ranar, har da tarar, da kuma ruwan da zai hau in kin ci gaba da biya har ƙarshe. In ruwan ya fi tarar, kuma da saura shekara uku yawanci ya fi, biya a ranar. In sun riga sun ɗora ruwan duka tun farko, tambayi nawa za su yafe.

Ƙarin da kika yi bara, ina zaton an rubuta shi a matsayin biyan watannin gaba ne. Ki ce a mai da shi kan uwar kuɗi. Kada ki fito sai da takardar shaidar an rufe, ki kai wa mai biyan albashinku a daina yanka.

Kada ki ga laifin Sakiusa da yawa. Dangin nan su za su kafa muku jinka ran da guguwa ta kwashe ta. Ku ware canjin, wani na gida, wani na kawu, ku kai masa da kanku.

Amma ku je banki a makon nan, tun kawu bai dawo ba. In ya dawo, shimfiɗa masa tabarma mai kyau. Sakiusa ba sai ya ce a'a ba, gaskiya kawai zai faɗa: kuɗin sun tafi biyan saniyar da aka yanka a makokin ƙanwar shi kawun. Kawu ya ci naman nan, ba zai ce komai ba.

Allah ya jiƙan surukarki, ya sa ki ga albashinki cif a ƙarshen wata.

Anti Salanieta