Katantanwar Kabarin Inna

Zuwa ga ƙanena Nicanor,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya can birni. Yaya gwiwar taka?

Na ga ɗan littafin tarihin tsibirinmu da ka rubuta wa masu otal. Sannu da aiki, malam masani! Wai kafin baƙon nan, Don Baldomero, ya sauka ya kafa garin shaƙatawa, babu kowa a bakin ruwan nan sai kaguwa da bishiyar kwakwa. To mu kaguwa ce ta haife mu? Baldomeron da ya iso yana ta amai a kwalekwalen Baba, Inna ta yi kwana uku tana ɗura masa romon kifi? Tir!

Ga abin da ƙaryarka ta jawo. Ka san mu ba ma kafa dutse a kabari, manyan katantanwar teku muke jerawa, kowane gida yana shafa wa nasa fentin kwalekwalensa. Makon jiya ma'aikatan otal suka kwashe su kaf, wai shara ce. Namu korayen na gan su a gefen wurin wanka, wani baƙo mai jan tumbi yana kashe sigari a ciki.

Ranar Alhamis jami'in gwamnati zai zo ya duba ko akwai maƙabarta kafin a ba masu otal izinin gini a wurin. Yanzu wurin yashi ne kawai, na kasa gane inda Inna take. Kai ka haƙa kabarin, kai ka san taku nawa ne daga tsohuwar rijiya. Ka zo ka nuna, ka ce ƙarya ka rubuta.

Yayarka,
Eufemia

Nicanor,

Ina gaisuwa. Ba ka zo ba, amma na ji gwiwar ba ta hana ka zuwa liyafar masu otal a birni ba.

Jami'in ya zo da littafinka a hammata. Na yi ta jansa cikin yashi kamar mahaukaciya, nan ne, a'a, can ne. Ya buɗe shafi ya ce, "Haba Iya, ɗan tsibirin ne fa ya rubuta. Kin fi shi sani ne?" A gabana ya sa hannu a takardar izinin.

Jiya suka zuba siminti. Na tsaya tun safe har yamma ina kuka, ban ma san wace mota ce ta bi ta kan Inna ba.

Ka sha cewa in ka mutu a kwantar da kai kusa da ita. To, sai ka tambayi iyayen gidanka ko suna da ɗaki.

Ka gaida yara, su ba su yi mini komai ba.

Eufemia