Dokin Marigayi Ya Hana Ni Komawa Gida

Malama Turai, don Allah ki fitar da ni daga wannan tsaka mai wuya. Mijina ya rasu bara a Dangora, ya bar wani baƙin doki, akawali matashi, da bai gama horarwa ba. A rabon gado dokin ya faɗo wa 'ya'yana. Tun ina takaba ni ke ba shi harawa da dusa, in share masa turke, in goge masa jiki. Ni ban taɓa hawa doki ba, amma yanzu ko ba ragama sai ya biyo ni, in na tsaya ya tsaya.

Shitu, ƙanen marigayi, ya ce na sangarta shi, wai doki a bayansa ake koya masa ladabi. Ya ɗaura sirdi, ya sa ƙaimi, dokin ya yi tutsu ya maka shi da katanga. Duka ya biyo baya, har bakin dokin ya yi jini. Yanzu da ya ji muryar Shitu sai ya kwantar da kunne.

Iyayena a Kiru sun matsa in dawo, kuma babu wurin doki a can. In na tafi, tsakanin Shitu da dokin ɗaya zai nakasa ɗaya. In na zauna, ana cewa wata manufa gare ni. Kullum ina ɗaure kaya ina kwancewa.

Mai Takaici, Dangora

Amsa:

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan maigidanki. Shitu yana da gaskiya guda: dokin da ba a hawa lalacewa yake yi. Kuskurensa gaggawa. Wanda doki bai yarda da shi a ƙasa ba, ba zai ɗauke shi a baya ba.

Kada ki gyara wa Shitu da bakinki, zai ji kin raina shi. Ki samu dattijon da ya san doki, wanda Shitu ke jin nauyinsa. Shi zai sa Shitu ya ajiye bulala, ya karɓi ciyarwa da ja da ragama kina kusa. Sirdi daga baya, hawa a ƙarshe. In ya ƙi, dattijon ya riƙe dokin amana don marayu.

Ke kuma ki sa wa iyayenki rana, ki cika. Kin yi wa dabbar nan abin da ya kamata, amma ba ke aka ɗaure a turke ba. Allah ya raya miki zuri'a.