Yayana Na Zargin Kansa Kan Kafiretar Da Ni Na Canja

Assalamu alaikum Malam mai kula da wannan fili, da ku masu karatu. Ina roƙon a sakaya sunana, domin Yola ba ta da girman da mutum zai ɓuya a cikinta. In kun ga Hausata ta karkace ku yi haƙuri, da Fillanci muka tashi a gida. Kuma don Allah ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, babu zagin da za ku yi mini wanda ban riga na yi wa kaina ba.

Ni makaniki ne a garejin gwamnati a Jimeta. Ina da wa guda ɗaya, muna ce masa Hamma, malamin makaranta ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni inda na koyi wannan sana'a. Yana da wata ƙaramar mota Moris baƙa da ya saya hannun wani Bature mai komawa gida a shekarar da aka sami mulkin kai, kuma ko a lokacin ba sabuwa ba ce. Injinta yadda ya fito daga kamfani haka yake, ba a taɓa buɗe shi ba. Kafireta ɗaya gare ta, ƙarama, wato abin nan da ke gauraya fetur da iska ya ba inji. Ba ta gudu. In muka taso daga cikin Yola za mu Jimeta, har manyan motocin ɗaukar gyaɗa wuce mu suke yi, abokan aikina suna yi mini dariya suna tambaya ko Hamma ya iso ko yana hanya tun jiya. Na sha gaya masa ya bar ni in sa mata manyan kafiretoci tagwaye, irin na motocin zamani, za ta zama wata mota daban. Kullum amsarsa ɗaya, wai wanda ya ƙera ta ya san cikinta, kuma shi ba ya sauri. Abin yana ƙona mini rai. Ni ne fa na karanta aikin, me ya sa ba zai yarda da ni ko sau ɗaya ba?

A bazarar da ta wuce aka kira shi kwas a Maiduguri, hedkwatar jiharmu ta Arewa maso Gabas. Bai tafi da motar ba. Ya kira ni gaban mahaifiyarmu, Dada, wadda ta daɗe tana fama da ciwon fuka, ya ba ni makulli ya ce saboda ita ya bar motar, in ƙirjinta ya tashi in kai ta asibiti a Jimeta ba tare da jiran kowa ba. Ya ce in dawo gida da kwana har ya dawo. Na ce to. Wallahi da zuciya ɗaya na ce to.

Amma akwai wasu tagwayen kafiretoci da na ciro daga wata babbar mota da ta yi hatsari aka yar da ita a bayan garejinmu, na wanke su na ajiye tuntuni. Hamma bai yi mako da tafiya ba na ɗaura su. Mazauninsu bai dace ba, sai da na yanka ƙarfe na goge na haɗa da dabara. Nufina ya dawo ya ji yadda take tashi, in ce masa ka gani? Abin da nake so ke nan, ya ce na iya. Kuma tun ranar farko na ga alama. In na taka totur da ƙarfi a miƙaƙƙiyar hanya tana ruri kamar da gaske, amma gudun da ta ƙara bai taka kara ya karya ba, kuma da na sassauta sai ta fara shaƙewa tana fitar da baƙin hayaƙi, warin fetur ya cika ciki. Ƙaramin inji ne, an ɗura masa abin da ya fi ƙarfin cikinsa. Na san haka. Makaniki ne ni, ta yaya zan ce ban sani ba? Sai na ce wa kaina saiti ne kawai bai zauna ba, gobe zan gyara, jibi zan gyara.

Ranar wata Lahadi bayan azahar, ana zafin nan na Yola da ko tsuntsu ba ya tashi, Adda, matar Hamma, ta fito da gudu ta ce numfashin Dada ya sarƙe. Muka ɗauko ta muka sa a baya, Adda ta rungume ta tana yi mata fifita. Motar ta tashi da kyar. Mun bar gari, mun kai tsakiyar hanyar nan da babu gida gaba babu gida baya, sai wani garken shanu ya tsallaka, na taka birki, inji ya mutu. Na murɗa makulli, ya ƙi. Na sake, na sake, har batir ya fara sanyi. Na fita na sa handul, ƙarfen tayar da inji da hannu, ina juyawa har tafin hannuna ya saluɓe. Na buɗe bonet na tarar fetur na tsiyaya daga kafiretocin, fulogi duk sun jiƙe, na ciro su ina gogewa da rigata, ina jin numfashin Dada daga inda nake tsaye, kamar ana jan zarto a jiƙaƙƙen itace. Ran Lahadi ne, hanya ba kowa. Makiyayin ya zo ya taya ni turawa, ba ta tashi ba. Can Dada ta ɗago hannu ta kira ni da sunan da take kirana tun ina yaro, ta ce da Fillanci in daina wahalar da kaina, motar ta tsufa kamar ita. Maganarta ta ƙarshe gare ni ke nan, tana ba ni haƙuri. Da wata motar itace ta zo ta ɗauke mu, kafin mu isa ƙofar asibiti rai ya yi halinsa.

Abin da na yi bayan nan ya fi wannan muni a wurina. An yi jana'iza, an buga wa Hamma waya yana hanya, gida cike da masu gaisuwa, ni kuwa na zame daga kan tabarma na ce zan je in janyo mota. Na janyo ta gareji, na kwance tagwayen, na mayar da tsohuwar, na wanke inji, na share duk wata alama. Uwata ba ta kwana biyu a kabari ba ina ɓoye sawuna. Wane irin ɗa ne wannan?

Da Hamma ya iso, bayan an watse, ya zaunar da ni ya tambaye ni abin da ya tsayar da motar. Na ce kafireta ce. Ban yi ƙarya a baki ba, amma na san yadda zai ji ta. Sai ya ce, “Ka faɗa mini. Ka sha faɗa mini, na ƙi ji.” Shi ya dafa kafaɗata yana ba ni haƙuri wai ya bar ni da akwalar mota da mara lafiya.

Tun daga ranar Hamma bai koma daidai ba. Ya rame, ya daina zama majalisa, mutumin da ke raha da kowa yanzu in ya dawo daga makaranta sai ɗaki. Na ji shi da kunnena yana gaya wa kawunmu cewa taurin kansa ne ya kashe Dada. Kawu ya yi masa faɗa ya ce kwana ne ya ƙare, kuma na yarda, babu mai wuce ranarsa. Amma motar nan da tsohuwar kafiretarta ba ta taɓa mutuwa a hanya ba, ko sau ɗaya. Da ban taɓa ta ba, da mun isa? Da mun isa, da an ceto ta? Ban sani ba, kuma babu mai iya gaya mini. Adda kuwa, rannan tana miƙo mini abinci ta ce a hankali, ba tare da ta dube ni ba, “A makon da Dada ta rasu kukan motar ba nata ba ne.” Har yau ban san iyakar abin da ta gani ba sa'ad da na buɗe bonet.

Yanzu ga inda na maƙale. An yi wa Hamma canjin aiki zuwa Maiduguri gaba ɗaya, zai kwashe iyalinsa a motar nan bayan salla, ga yara ƙanana, ga Adda da tsohon ciki, ga doguwar hanya mai daji. Ya kira ni ya ce in nemo tagwayen nan da nake ta faɗa in ɗaura, ba zai sake jefa ran kowa a hatsari saboda gardama ba. Na ce ba a samunsu. Ya je da kansa wurin wani mai sayar da kayan mota a kasuwar Jimeta, mutumin ya ce masa “I go find am,” wato zai nemo, zai sa a kawo daga Kano. Na koma na ce na sake tunani, injin da ba a taɓa ba bai kamata a sa masa manya ba, tsohuwar ita ce daidai da shi, tun farko shi ke da gaskiya. Ya dube ni idonsa ya kawo ruwa ya ce, “Kada ka lallashe ni, ni ba yaro ba ne. In ba za ka sa ba, zan kai wa wani.” Karo na farko da na gaya masa gaskiya game da motar nan, ya ɗauka tausayinsa nake ji.

In na ɗaura, na san abin da za ta yi, na gani da idona, kuma wannan karon matarsa da 'ya'yansa ne a ciki. In na ƙi, wani zai ɗaura. Hanya ɗaya ce za ta sa ya yarda, in ce masa na riga na gwada, in faɗi ranar, in faɗi inda ta mutu da abin da na je na yi ana zaman makoki. Hakan zai sauke masa nauyin da yake ɗauke da shi wanda ba nasa ba ne, amma ta yaya zai sake kallona? Shi kaɗai ya rage mini. Na je ƙofar ɗakinsa ya fi a ƙirga, in yi sallama, ya amsa, in tambaye shi ya jiki in juyo.

Salla ta kusa, kayan na hanya daga Kano. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?